Neman Kabarin Yaya Auwalu a Ƙasar Sarki Mai Ƙiba

Tun da na dawo daga Norway ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai na makarantarmu ta Yelwa tambaya, a majalisarmu ta unguwar Wunti tambaya, har mai keken da ke kai ni aiki sai da ya ce in gaya masa ko da gaske rana ba ta faɗuwa a can. Na gaji da maimaita zancen sanyi da kifi alhali ba su ne labarin ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta. Ba yawon buɗe ido na je ba, kabarin yayana na je nema.

Yaya Auwalu shi ne ɗan farin Inna. Ina ɗan shekara goma sha biyu ya sami gurbin karatun injiniya a wani gari da ake kira Trondheim. Mahaifinmu, Baba Malam, malamin zaure ne, bai iya boko ba, don haka duk wasiƙar da ta zo ni ake kira in karanta a gabansa, Inna tana saurare daga bayan ƙofa. Bayan gaishe-gaishe, Yaya yakan ƙara shafi guda saboda ni, yana ba ni labarin wani sarkin mutanen Viking, waɗanda suka yi zamani da fashi a teku kimanin shekara dubu da ta wuce. Da laƙabinsa ya sanar da ni shi, Mai Ƙiba, don haka mutanensa suke kiransa a bayan idonsa. Ya ce sarkin yana ɗan shekara goma sha biyu, sa'ana ke nan, ya shiga jirgin yaƙi, ya yi ta ƙone garuruwan bakin teku yana kwasar ganima. Ni kuwa sai in kwana ina ganin kaina a jirgin.

Wata rana na karanta inda Yaya ya ce Mai Ƙiba ya bar gumakan kakanninsa ya karɓi addinin Kirista a ƙasar Faransa, ya koma gida ya ci sarauta, ya shiga tilasta wa mutane sabon addinin, wanda ya ƙi a ƙone gidansa ko a cire masa ido. Baba Malam ya dakata da jan carbi. Ya tambaye ni me ya haɗa Auwalu da wannan zance. Na ce ai tarihi ne. Wasiƙa ta gaba ta zo da hoton Yaya a gaban wani ƙaton coci, yana dariya, ya ce a nan yake aikin hutu yana taya masu gyaran dutse. Ta ƙarshe ta tsaya a inda hakimai suka haɗa kai da wani sarkin waje suka kori Mai Ƙiba, ya gudu ƙasar Rasha, yana shirin dawowa neman gadonsa. Yaya ya ce zai ƙarasa mini a wasiƙa mai zuwa.

Wasiƙa mai zuwa ba tasa ba ce. Wani ɗalibi ɗan ƙasarmu ne ya aiko cewa ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi a tsakiyar sanyi, ya rasu, an binne shi a can. Bayan makonni sai ga ambulan da tambarin gicciye a kusurwa, cike da rubutun da ba Turanci ba. Baba Malam ya dubi tambarin, ya dubi hoton nan, bai nemi wanda zai fassara ba. Ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ya jefa takardar a akwatin ƙarfensa ya kulle. Daga ranar sunan Auwalu ya fita daga gidanmu. Inna dama ba ta taɓa faɗinsa ba saboda kunyar ɗan fari, "wancan" take cewa. Baba kuma ya daina saboda fushi. Ni ma ba zan wanke kaina ba, na yarda da abin da ya zarga, cewa Yaya ya bar Musulunci, na haifi maza uku ban sa wa ko ɗaya sunan ba. Ranar da Baba zai cika ya lissafa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya yana sa albarka, ya fara daga na biyu.

Bara Inna ta sa na buɗe kwaɗon akwatin. Muka sami ambulan uku. Biyu masu gicciye ne, tsakaninsu shekara ashirin. Na ukun kati ne daga wata mata mai suna Inga, wadda Yaya ya yi haya a gidanta, tana ta'aziyya, tana cewa ta sa masa furanni da kyandir a kabari. Wannan kyandir ɗin ya ƙara tsinka mini zuciya. Na kai takardun wa abokin aikina Malam Bulus, mutumin Bogoro, don a ganina shi ya san harkar coci. Ya juya su ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin takardar baftisma mai lambar fili ba, wannan ta fi kama da takardar ofishin ƙasa da safiyo. Muka haska da waya ta fassara. Ta farko tana sanar da wurin da aka binne shi. Ta biyu tana cewa wa'adin kabarin ya cika, in dangi suna son a bar shi su amsa. Lokacin amsar ya wuce da shekaru. Amma tambayar da ke cin mu ba ta amsu ba, wato me ya sa kabarinsa yake hannun coci.

Na rubuta wa adireshin bayan katin ba da wani sa rai ba, sai ga amsa. Matar tana raye, ta haura tamanin, ta ce in zo ta sauke ni. Na so in tambaye ta a waya, kunya ta hana ni. Inna kuma ta ce ita ba ta son labarin waya.

"Je ka gani da idonka, Kabiru. Ka dawo ka gaya mini a kan me wancan ya cika. Ko me ka gani, kada ka rufe mini."

Daga Bauchi na bi mota ta Jos zuwa Abuja, direban yana gudu kamar wanda aka biyo, wani fasinja kuma yana ta ba ni shawarar in na shiga kada in dawo. Na ce masa mun riga mun ba ƙasar mutum ɗaya, ya isa. Jirgi ya sauke mu a Istanbul, na yi ta bin wasu mata masu atamfa ina zaton hanyarmu ɗaya, ashe Jidda za su, sai da na yi gudun da ban yi ba tun ina ɗalibi kafin na sami ƙofata.

A Oslo wani saurayin jami'i ya tambaye ni dalilin zuwana. Na ce ziyarar kabari. Ya ɗago ya dube ni, ya ce yana taya ni baƙin ciki, ya buga hatimi. Na ce a raina ashe mutanen kirki ne. Ban yi taku ashirin ba wani kare ya zo ya zauna a gaban jakata. Kilishin da Inna ta sa aka yi wa Inga musamman, har da cewa a rage yaji saboda Baturiya ce, aka zare shi, wai ba a shiga da nama. Na yi bayani, na yi magiya, na ce ko ɗanɗanawa su yi. Suna murmushi suka jefa shi a wani bokiti. Ƙullin yajin da ke cikin takalmina ne kawai ya tsira, kuma shi ya riƙe raina a ƙasar nan.

Jirgin ƙasa zuwa Trondheim kusan wuni ne. Na zauna kusa da wani dattijo na gaishe shi, na tambayi gida da iyali da gajiya yadda aka koya mini. Ya amsa da kalma ɗaya, bayan ɗan lokaci ya ɗauki jakarsa ya koma wata kujera. Na shinshina rigata ko wani abu ne. Daga baya aka gaya mini a wurinsu ƙyale mutum shi ne girmama shi. Wuni guda a mota ɗaya da mutane, a gida da tuni na san wanda matarsa ta haihu da wanda ake bi da shari'ar gona. A can har muka sauka tarin wata mata kawai na ji. Na yi ta tunanin Yaya, mutumin da ko akuya ya gani a hanya sai ya yi mata magana, yadda ya yi shekara uku cikin wannan shiru.

Inga da kanta ta zo tarye na, 'yar tsohuwa siririya da sanda. Tana ganina ta kama hannuna biyu ta ce tafiyarmu ɗaya da shi. Daga nan na koma ce mata Iya. Ita kaɗai take zaune a gidan katako mai hawa biyu, 'ya'yanta sai sun yi alƙawari da ita kafin su zo. Na ce mata a Wunti da an ji haka da an yi taron dangi a kansu. Ta yi dariya ta ce ita da za a cika mata gida da jikoki da ta gudu. Abu ɗaya da ya yi mini kama da gida shi ne cire takalmi a bakin ƙofa. Abinci kuwa sai haƙuri: dafaffen dankali da farin kifi, ba mai, ba barkono, sai wani cuku ruwan ƙasa mai zaƙi kamar alewar madara da ake shimfiɗawa a burodi. Na fito da yajina na barbaɗa. Ta ce Auwalu ma haka yake yi, har ya taɓa sa ta ɗanɗana ta yi ta hawaye yana ba ta haƙuri yana dariya. Rabon da in ji an ambaci sunan nan a bakin abinci har na manta.

A ɗakinsa ta sauke ni. Na tsaya ina jujjuya waya ina neman alƙibla, sai ta nuna mini jikin katakon taga. Wata 'yar kibiya ce aka sassaƙa da bakin wuƙa. Ta ce sau uku ana fentin ɗakin tana hana a taɓa wurin. Na shafa ta da yatsa, ƙirjina ya buɗe, amma shaiɗan bai bar ni ba, ya ce mini ai wannan na farkon zuwansa ne, wa ya san abin da ya biyo baya. Ga rana ta ƙi faɗuwa, ina zaune da alwala ina jiran Magariba har na soma gyangyaɗi.

Ofishin maƙabarta ba ya buɗewa sai Litinin, don haka ranar Lahadi Iya ta ce za ta ƙarasa mini labarin da Yaya ya bari, tun da na gaya mata inda ya tsaya. Ta ɗauko mota. Na so in ce mu hau ta haya, ban sami fuska ba, na yi ta salati a duk kwana har muka isa wani ƙauye da ake kira Stiklestad. Gonaki ne kore shar, da ɗan tsohon coci. Ta ce a nan Mai Ƙiba ya sauko bayan ya ƙetaro duwatsu da 'yan mutanensa, ya bar ƙaramin ɗansa a Rasha. Ya zaci talakawa za su fito su tarye shi. Sun fito, amma da gatari da mashi, manoman da ya ƙone wa gidaje da 'yan'uwan waɗanda ya kashe, sun ninka rundunarsa. Aka sare shi a ƙafa, ya jingina da wani dutse ya yar da takobinsa, aka soke shi a ciki, aka ƙarasa shi a wuya. Wani manomi ya ɓoye gawar, aka kai ta aka tura a cikin yashi a bakin kogin Trondheim don kada maƙiya su wulaƙanta ta.

Na ce ai alhaki ne ya kama shi. Iya ta ce in saurara, da saura. Sarkin wajen da suka gayyato ya fi shi matsa musu. Shekara ba ta cika sosai ba waɗanda suka kashe shi suka soma cewa sun yi kuskure. Suka tono shi, suka ce sun tarar gashinsa da farcensa sun ƙara tsawo, suka mai da shi waliyyi, suka tafi Rasha da kansu suka ɗauko ɗan nan suka naɗa. A kan yashin kuma aka gina ƙaton cocin da ke cikin hoton Yaya. Ta ce abin da ya fi ba Auwalu mamaki ke nan, yakan ce mutanen nan sai da suka kashe mutum sannan suka zauna bincikar ko wane ne shi.

Da yamma ta kai ni cocin. Na yi turus a ƙofa, na tuna dariyar da Malam Bulus zai yi mini, na shiga. Na ce ta nuna mini kabarin sarkin. Ta buga sandarta a daɓe ta ce yana nan wani wuri a ƙarƙashin ƙafafunmu. Da zamani ya juya, masu mulki suka kwashe akwatin azurfar da aka sa shi, suka binne shi a ƙasa, daga baya suka sa aka shafe wurin don mutane su daina zuwa ziyara. Yau ba wanda ya san inda yake. Sarki guda, mai ranar tunawa da shi duk shekara, amma ba kabari. Jikina ya yi sanyi don na san abin da ke jirana gobe.

Ranar Litinin muka je ofishin. Ga tambarin nan a jikin ƙofa, irin na ambulan ɗin sak. Na tambayi matar da ke wurin me ya sa kabarin Musulmi zai kasance a hannun coci. Ta yi mamakin tambayar. Ta ce a garin nan duk maƙabartu ofishinsu ke kula da su, na Kirista da Musulmi da wanda ba ya bin komai, kowa takarda iri ɗaya ake aika wa danginsa. Ta juyo mini da taswira ta nuna wani yanki a gefe, inda layukan suka karkace ba su bi sauran ba. Ta ce nan ne na Musulmi, an karkata su ne don su fuskanci Makka, lambar yayana tana layi na biyu. Na nemi kujera na zauna. Abin da ya raba uba da ɗansa kusan shekara talatin ke nan, tambarin ofis.

Iya ta riga ta kira wani Alhaji Lamin, mutumin Gambiya, tsohon direban bas, muka same shi a ƙofar maƙabarta. Wurin kamar lambu, mata suna ta ban ruwa ga furanni, abin da ba za ka gani a gida ba. Alhaji ya rungume ni kafin in gama sallama. Na kasa jira, na tambaye shi kai tsaye a kan me Yaya ya cika.

"Ni na yi masa wanka da hannun nan," in ji shi. "Shi yake ba mu salla ran Juma'a in limaminmu bai zo ba, don ya fi mu karatu. Yakan ce babansa ne ya koya masa. Ina riƙe da kansa a asibiti ya yi shahada sau biyu. Mu bakwai muka sallace shi, ƙasa ta daskare sai da aka kawo inji."

Na tambaye shi kyandir fa. Ya ce al'adarsu ce, tsohuwa ta yi abin da ta sani, su kuma ba su ga dalilin hana ta ba. Iya ta ce ita ta zaci ofis sun sami amsarmu, ba ta san komai ba sai ranar da ta zo ta tarar an cire allon sunansa daga kabarin.

Muka ƙirga layi na biyu. A wurin akwai dutse fari da sunan wani dattijo ɗan Bosniya, an binne shi bayan wa'adin Yaya ya wuce ba wanda ya amsa. Na durƙusa a kan ciyawa. Na yi niyyar yin addu'a a natse irin ta manya, sai kuka ya ƙwace mini, na yi ta cewa Yaya ka yafe mana. Ba Baba kaɗai nake nufi ba. Ni na iya boko, ni na san inda mabuɗin akwatin yake, kuma ban taɓa tambaya ba don ina tsoron amsar. Alhaji ya ɗaga hannu muka yi musu addu'a su biyun, Iya tana tsaye a gefe da sandarta ta sunkuyar da kai.

Ranar da zan taho ta ba ni wani ƙunshi, ta ce shekara da shekaru tana jiran wanda zai zo ya karɓa. Wannan karon kare bai kula ni ba.

Na iso Wunti bayan La'asar. Inna tana bakin ƙofar ɗakinta tana tsinke zogale. Ba ta tambaye ni hanya ba, ba ta tambaye ni gajiya ba, ta dube ni kawai. Na warware ƙunshin na shimfiɗa a gabanta. Sallaya ce koriya, wurin goshi da wurin gwiwoyi sun cinye har zare ya fito. Ta juya bakinta ta duba wani ɗinki da baƙin zare, ta ce ita ta yi shi, daren da zai tafi ta ga gefen yana warwarewa. Na gaya mata komai, kibiyar taga, da ofis, da Alhaji Lamin.

"Mutum nawa suka yi masa salla?"

"Bakwai, Inna."

"Sun isa."

Sannan na gaya mata zancen kabarin, don ta ce kada in rufe mata. Ta tambaya ko wanda aka sa a wurin Musulmi ne, na ce e. Ta ce to, ya sami maƙwabci, ya fi zaman kaɗaici. Sai ta dubi ƙofar zaure, inda buzun Baba yake har yanzu a naɗe, ta ce, "Malam ya tafi bai sani ba."

Ta ture tiren zogalen, ta ja sallayar ta hau kanta ta zauna, ta ɗaga hannu. Na zaci a zuci za ta yi kamar kullum. Sai na ji muryarta a fili, har matata da ke tsakar gida ta tsaya da abin da take yi.

"Allah ka jiƙan Auwalu. Allah ka jiƙan Auwalu ɗana. Ka haɗa shi da ubansa, ka gaya masa."

Shekarata arba'in da biyu a duniya, ranar na fara jin sunan a bakinta.